Takardar da Aka Ba Mu Kafin Takardar Rajista

A Damagaram, da zarar damina ta fara ja da baya watan Satumba ya kama, maganar da ke bakin magidanta ita ce ta komawa makaranta, tun da a Oktoba ake buɗe azuzuwa a faɗin Nijar. Mai ƙaramin ɗa yana da hanyoyi a gabansa: ko makarantar gwamnati ta unguwa, ko faranko-arab inda ake haɗa Larabci da Faransanci, ko ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da suka yawaita a gari, ga kuma makarantar allo wadda kusan kowane gida yake haɗa ta da duk wadda ya zaɓa. Ɗiyarmu ta riga ta yi shekara guda a ajin farko, wato CI, a wata makaranta da ba zan ɗora wa malamarta laifi ba, domin yawan yaran da aka tara mata ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Yarinyar ta fito tana rera jimlolin Faransanci da murya mai daɗi, amma in ka tambaye ta abin da ta faɗa sai ta sunkuyar da kai, kuma kowace safiyar Litinin sai ta ce cikinta yana ciwo. Ni ma'aikacin lafiya ne, na san ciwon cikin da ke buƙatar magani, na kuma san wanda tsoro ke kawowa.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin wata makaranta mai zaman kanta a gefen gari, wadda masu ita suke cewa manufarsu ita ce rainon yaro gaba ɗayansa, da jikinsa da hankalinsa da halinsa da hannunsa. Na ji irin wannan magana a tallar makarantu da yawa, saboda haka ban ɗauke ta da nauyi ba, na dai je da niyyar karɓo takardar rajista da jin kuɗin shekara.

Ba a ba ni takardar rajista ba. Shugabar makarantar, dattijuwa ce da ta daɗe tana koyarwa a makarantun gwamnati kafin ta yi ritaya, ta miƙo mini wasu shafuka da aka rubuta da Hausa a gefe ɗaya, da Faransanci a ɗaya gefen, ta ce: “Malam, ka je da wannan gida ku karanta kai da uwar yarinya. In kun ga za ku iya zama da abin da ke ciki, ku dawo ku biyu. Ba ma karɓar yaro daga hannun uba shi kaɗai, sai in da wani uzuri.” Na tambaye ta kuɗin, ta faɗa mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba, sannan ta ƙara da cewa kuɗin ba shi ne abin da ya fi korar iyaye daga wurinsu ba.

Da dare muka zauna da mai ɗakina muka karanta. Takardar ta fara da bayanin matsayin makarantar: ba gwamnati ke biyan malamanta ba, ba ta kuma ƙarƙashin wata ƙungiya ta waje, amma tana da izinin ma'aikatar ilimi, tana bin manhajar ƙasa daga CI har zuwa CM2, ajin ƙarshe na firamare, kuma sufetocin ilimi suna zuwa duba ta kamar kowace makaranta. 'Yancinta yana cikin yadda take koyarwa da yadda take tafiyar da yara. Daga nan sai aka shiga abin da suka yi imani da shi. Sun ce ba a dukan yaro a harabarsu, ko da bulala ko da hannu ko da baƙar magana. Sun ce a ƙananan azuzuwa da Hausa ake fara koya wa yaro karatu da lissafi, Faransanci yana shigowa da baki tukuna, sannan a hankali ya shiga rubutu. Sun ce kowane yaro zai yi aikin hannu da aikin lambu da shara, ɗan attajiri da ɗan mai gadi. Sai kuma wanda ya sa na ajiye takardar na dubi matata: ba sa jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe a sakamakon zango. Mu da muka tashi a lakwal ana kiran sunayenmu a tsakar makaranta bisa matsayi, na ɗaya yana fitowa ana tafi, na ƙarshe ana yi masa ihu, wannan ya yi mana kama da cire gishiri daga miya. Shafin ƙarshe kuwa ba a kan yaro yake ba sam, a kan iyaye yake, kuma shi ne ya fi kowane shafi tsawo.

Ranar da muka koma mu biyu, na shirya amsa tambayoyi a kan abin da yarinya ta iya, ko ta san haruffa, ko tana ƙirga zuwa ɗari. Shugabar da malamar ajin da za a sa ta ba su tambayi ko ɗaya daga ciki ba. Sun tambayi ƙarfe nawa take kwanciya, da me take karyawa kafin ta fito, wa take wasa da shi a gida, wane aiki take taya uwarta, me ke sa ta kuka, kuma in ta yi fushi yaya take yi. Sun tambayi lokacin da take zuwa makarantar allo, da inda ta kai a karatun, domin su san nauyin da ke kanta a yini, kada su ɗora mata aikin gida da zai ci lokacin malaminta na allo. Yawancin amsoshin daga bakin uwarta suka fito, a nan ne na gane dalilin da ya sa aka ce mu zo tare.

Da aka ba ni dama, na faɗi abin da ke damuna kai tsaye. Na ce: “Hajiya, duk wannan na ji, amma jarrabawar ƙarshen firamare da gwamnati ta dawo da ita a 2024 ba ta tambayar yaro ko ya iya shuka zogale. Bayanta ga BEPC ta ƙarshen kwaleji, ga BAC ta ƙarshen sakandare, duk da Faransanci ake rubuta su. In kun tsaya koya mata da Hausa, yaushe za ta kamo sa'o'inta?” Ba ta yi gaggawar amsawa ba. Ta ce mini abin da nake tsoro ba sabon abu ba ne a garin nan, domin a nan Zinder, wato Damagaram, aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da harshen gida tare da Faransanci, a 1973, da Hausa, kuma tun a lokacin iyaye suke yin tambayar da na yi. Ta ce dokar da ta tsara ilimin ƙasa ta 1998 ita ma ta ba harsunan ƙasa gurbi a koyarwa, don haka ba wani abu suka ƙago a bayan gwamnati ba. Hujjarta mai sauƙi ce: yaro sau ɗaya yake koyon yadda harafi ke zama sauti, sauti ya zama magana mai ma'ana, kuma in ya koyi wannan a harshen da yake mafarki da shi, ɗaukarsa zuwa wani harshe ba ya wuya. Wanda aka fara masa da harshen da bai sani ba kuwa, aiki biyu ake ba shi a lokaci guda, shi ya sa da yawa suke haddacewa ba tare da sun fahimta ba. Ta kuma yi mini gaskiya cewa a shekaru biyun farko zan ga 'ya'yan maƙwabta sun fi ɗiyata yawan kalmomin Faransanci, in ba zan iya jure wannan ba, gara kada mu fara.

Na tambaye ta ko daga Turai suka kwaso tsarin. Ta ce ta karanta labarin gidan yara da Maria Montessori ta buɗe a birnin Roma a 1907, da makarantar Waldorf ta farko da aka kafa a Jamus a 1919, ta kuma amfana da su, musamman wajen barin yaro ya taɓa abu da hannunsa kafin a ba shi sunansa. Amma ta ce wanda ya tashi a gidan dukawa ko maƙera ko masaƙa ya san cewa a da ba a raba koyon sana'a da koyon ladabi da sanin mutane, a zaure ɗaya ake samunsu. Abin da take ƙoƙari shi ne kada allo da alli su kori wannan.

Mataki na gaba shi ne uba ko uwa su zo su zauna a bayan aji su yi kallo, ba tare da sa baki ba. Ni na je. Abin da na fara dubawa shi ne ginin, domin tun gobarar da ta cinye azuzuwan zana a Maraɗi a watan Nuwamban 2021, ta hallaka yara fiye da 20, ba na shiga makaranta ban ɗaga kai na dubi rufi da ƙofa ba. Azuzuwan na bulo ne, ƙofofinsu a buɗe, ba su da ado. Da safe yara suka zauna a da'ira a kan tabarma, aka gaisa, kowa ya faɗi yadda ya kwana da wanda ya bari a gida ba lafiya, sannan aka raba aikin yini: masu shara, masu cika randa, masu ban ruwa.

Darasin lissafin da na gani a bakin randa aka yi shi. Duk wanda ya zauna a Damagaram ya san ruwa ba abin wasa ba ne; garin yana kan duwatsu, daga nesa ake jawo masa ruwa, kuma da bazara mata da yara suna kwana a bakin famfo da jarkoki. Malamar ta kawo jarka mai cin lita 20 da gwangwani mai cin lita ɗaya, ta sa yara suna ɗiba suna zubawa a randa suna ƙirgawa da ƙarfi. Da aka kai gwangwani na tara, wani yaro ya karkata gwangwanin ruwa ya zube a ƙasa, aji ya yi tsit, ni kaina na ji gabana ya faɗi saboda na san abin da zai biyo baya a ajin da na yi. Malamar ta ce: “To, yanzu lita nawa ya rage a jarka, lita nawa ke cikin randa, nawa ƙasa ta sha?” Yara suka hau gardama, wata ta ce sha ɗaya ya rage, wani ya ce goma, sai da aka sake aunawa aka tabbatar, sannan kowa ya rubuta a allonsa. Yaron da ya zubar aka ba shi tsumma ya goge wurin, ya koma ya zauna. Ruwan alwala da na wanke hannu kuwa a wani kwano ake tara shi, a kai wa zogale da yakuwa da ke bayan aji, kuma kowane rukuni na yara yana da kunyarsa da yake auna tsawon shukarta da igiya duk mako.

Ban ga aljanna ba, kada mai karatu ya ɗauka haka. Ajin yana da surutu fiye da yadda na saba, akwai lokacin da na ga malamar ta gaji, kuma na ga yara biyu sun kaure da faɗa a kan almakashi har ɗaya ya yage wa ɗaya aljihu. Abin da aka yi musu shi ne aka fitar da su gindin bishiya, aka sa kowa ya faɗi abin da ya faru ɗayan yana saurare, sannan aka yanke cewa wanda ya yi yagar shi zai ɗinke aljihun a lokacin aikin hannu. Wannan ya ci lokaci mai yawa, bulala biyu da sun gama shi nan take, kuma na fahimci dalilin da ya sa malamin da ke da yara cike da aji ba zai iya ba. Tsarin nan yana tsaye ne a kan ƙarancin yara a aji, ƙarancin yara kuwa kuɗi ne.

Bayan wannan aka karɓi yarinyar ta yi 'yan kwanaki a aji a matsayin baƙuwa. Ba jarrabawar shiga ba ce, malamar tana so ta ga yadda take riƙe alli, da yadda take shiga cikin yara, da inda karatunta ya tsaya. A ƙarshe ta ba da shawarar a bar ta ta wuce CP, wato aji na biyu, tare da sa'o'inta, amma a sake mata harsashin haruffa da Hausa. Sai a lokacin aka ba mu takardar rajista. Abin da aka nema ba shi da yawa: takardar haihuwa, katin rigakafi, hotuna, da takardar shaida daga makarantar da ta baro. Kuɗin shekara ana biyansa kashi uku, kuma a cikinsa akwai wani ɗan kaso da ake warewa domin yaran unguwar da iyayensu ba su da hali. Na ga amfanin wannan, amma ban yarda ya warware matsalar ba. A ƙofar makarantar nan, kamar kowace ƙofa a garin, almajirai suna tsaye da robobinsu, kuma makarantar da ke cewa tana rainon mutum cikakke tana iya ɗaukar kaɗan ne daga cikin waɗanda suka fi buƙatar rainon. Na faɗa wa shugabar haka, ba ta musa ba.

Shafin iyaye shi ne muka sa wa hannu a ƙarshe, ni da uwarta, kowa da nasa gurbin. Mun ɗauki alkawarin yarinya za ta karya kumallo kafin ta fito, za ta kwanta da wuri, ba za a bar mata waya a hannu bayan sallar Magariba ba, ba za a doke ta a gida a kan aikin makaranta ba, za mu halarci taron iyaye, kuma kowane gida zai ba da yini guda a shekara ya koya wa yara wani abu daga sana'arsa. Maganar duka ita ta jawo mana zance a gida. Mahaifiyata, wadda muke zaune tare, ta ce: “Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku da aka doka, me ya same ku?” Na ce: “Inna, ba a hana ki tsawata mata ba, in ta yi rashin kunya ki yi mata faɗa. A kan karatu ne aka ce a bar hannu.” Ba ta gamsu ba, har yau tana ganin mun biya kuɗi ne a sangarta mana ɗiya, sai dai ta yarda ta riƙe sharaɗin saboda mun riga mun sa hannu, ita kuwa ba ta wasa da alkawari.

A cikin zangon farko an kai su Birni da ƙafa. Sun ga fadar Sarkin Damagaram da ragowar ganuwar da aka gina zamanin Sarki Tanimun a ƙarni na 19, an gaya musu cewa garinsu ne hedikwatar Nijar kafin Turawan Faransa su mayar da ita Yamai a 1926, sannan aka tsaya wurin wani baduku suka ga yadda ake yanka fata a ɗinka. Mako biyu bayan haka badukun ya zo makaranta, kowane yaro ya auna fata ya yanka ya ɗinka 'yar ƙaramar jaka. Ta ɗiyata a karkace take, ɗinkin wani wuri ya matse wani wuri ya saki, amma ta iya gaya mini tsawonta da faɗinta da santimita, ta kuma rubuta jimla uku da Hausa a kan yadda ta yi ta, ta karanta mini su ba tare da rerawa ba.

Sakamakon zango ya zo a shafi biyu, kuma ba a aiko shi a jakar yarinya ba, kiranmu aka yi mu uku har da ita. Akwai maki a karatu da lissafi da Faransanci, kamar yadda hukuma ke buƙata, amma babu matsayi. Sauran rubutun malamar ne: cewa yarinyar tana haɗa haruffa da kyau amma tana rikita b da d, cewa tana da haƙuri a lambu kuma ba ta da shi a layi, cewa takan yi shiru in an yi mata ba daidai ba sai daga baya ta huce a kan wanda bai kai ta ƙarfi ba. Wannan na ƙarshe mun san shi a gida tsakaninta da ƙanenta, ban taɓa zaton wani a waje zai lura ba. Malamar ta juya ta tambaye ta abin da take so ta gyara a zango mai zuwa, ta yi shiru can ta ce layi. Da muka fito, a bakin ƙofa wani uba ya ja ni gefe yana tambayar makin ɗiyata a lissafi domin ya gwada da na ɗansa, na kuwa faɗa masa, shi ma ya faɗa mini. Makaranta ta daina jera yara, iyaye ba su daina ba.

Abin da shugabar ta gargaɗe ni a kai ya faru. Ɗan wana, wanda suke shekara ɗaya da ita, ya fi ta sakin baki da Faransanci, kuma in an haɗu a gidan suna ko biki akan sa su gwada, ni kuma ina jin abin a raina. Da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, wasu iyaye a taronmu sun ɗauka an gama magana, amma takarda a Yamai ba ta sauya harshen da ake rubuta jarrabawa da shi a dare ɗaya ba. Akwai kuma matsalar malamai: horar da malami ya iya riƙe aji ba bulala yana ɗaukar lokaci, kuma kafin shekara ta ƙare ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙware ya samu aikin da ya fi albashi ya tafi, ajinsa ya yi makonni yana tangal-tangal. Makaranta irin wannan ba ta da wani jari da ya wuce mutanen da ke cikinta.

Yinin da ya faɗo a kan gidanmu ya zo da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma gudawa ke yawa a cikin yara. Na koya musu wanke hannu da sabulu, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in babu ƙunshin da ake bayarwa a asibiti: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ban sha wahalar bayanin lita ba, sun riga ni saninta. Wata yarinya ta tambaye ni in rabin lita kawai ake da shi yaya za a yi, kafin in buɗe baki na kusa da ita ya ce sukari uku.

Mun sake yi mata rajista a CE1, aji na uku, ajin da rubutun Faransanci zai fara yawa. A taron iyaye na ƙarshen shekara na nemi a rubuta mana dalla-dalla yadda za a shirya yara wa jarrabawar CM2 tun daga CM1, ajin da ke gabaninsa, da yawan sa'o'in Faransanci a kowane aji, kuma a riƙa nuna mana sakamakon waɗanda suka fita zuwa kwaleji. Wasu iyayen sun goyi bayana, wasu sun ce ina so in mayar da makarantar irin wadda muka baro. Shugabar ta rubuta buƙatar a littafinta, ta ce za a kawo amsa a rubuce a taron farko bayan an koma a Oktoba.